Ranar Sakin Raguna

"Kai! Wannan kuma 'yar waye?" in ji Athol Kerslake.

Hannuwansa biyu sun nutse cikin gashin 'yar tunkiyar da aka tsayar a lungun katako. Ya laluba kafaɗa, ya bi haƙarƙari, ya gangara cinya, sannan ya zare hannu ya goge a wandonsa.

"Fata ninki-ninki, ga maiƙo kamar an kifa mata kaskon suya. Ƙuda ya ga wannan ai ya ga gida. Duk wanda ya kawo ubanta, ku ce masa ya koma kiwon kaji."

Glenys Harcombe ta kai sandar karanta lamba kusa da kunnen tunkiyar. Sandar ta yi ƙara, sunan uban ya fito a ɗan gilashin: Gwamna. Ragon Athol ke nan, abin taƙamarsa, wanda hotonsa ke rataye a falo sama da na matarsa marigayiya. Ta juya gilashin ya kalli cikinta.

"Waye uban?" ya ce.

"Kawu Athol, ka san ba zan faɗa ba."

"Wa ya tambaye ki? Turo ta gaba."

Shekara biyu ke nan da masu kiwon Merino, tumakin ulu, na yankin Walcha suka zaɓi gonar Glenys ta zama filin gwajin raguna. Makiyaya goma sha biyar, kowa ya aiko da maniyyin ragon da yake ji da shi, aka ɗura wa tumakinta. 'Ya'yan da aka haifa ciyawa ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha, ba ɗan lele a cikinsu. An auna nauyinsu, an auna ulunsu da kaurin silinsa, an duba ninkin fata, an rubuta duk wadda ƙuda ya yi wa tsutsa. Glenys ce ke riƙe da sunayen iyaye, kuma ta sa hannu a takarda cewa ba mahaluƙin da zai ji sakamako sai ranar da za a tara kowa a karanta a lokaci guda. Saura sati uku ranar ta zo. Likita kuwa ya ce wa iyalin Athol kada su sa rai da sati biyu.

Shi ya sa da ya kafe sai an kawo shi ya taɓa dabbobin, ba wanda ya iya hana shi. 'Yarsa Noelene ta ɗauko shi a a-kori-kura, shi da tulun iskar da yake shaƙa, aka zaunar da shi a kan damin ulu a bakin lungu. Yanar ido ta rufe masa gani, ciwon daji ya cinye huhu, amma bakin nan yana nan yadda yake, sai ma abin da ya ƙaru. Ya ce shi ba ruwansa da takardarsu da kwamfutarsu. A ba shi shuɗin alli kawai, a turo masa tumaki, zai ware 'ya'yan Gwamna da hannunsa.

Kuma in Athol ya faɗi haka, ba wanda zai yi dariya. Shekara sittin yana yawo gona-gona yana tantance wa mutane tumaki, wannan a ajiye, wannan a kai mahauta. Ita kanta Glenys, shi ya koya mata buɗe ulu tana 'yar shekara bakwai, ya riƙe yatsunta ya nuna mata yadda ake raba gashi har a ga fata. Shingensu ɗaya, rafinsu ɗaya. Shekarar da ubanta ya rasu, shi ya aske mata tumaki dubu bai karɓi ko kofin shayi ba.

Noelene ta turo wata. Hannun tsohon ya shiga gashinta, sai ya tsaya cik. Fuskarsa ta saki.

"Yauwa! Noelene, zo ki ji. Sa hannunki nan. Kin ji laushi? Kin ji tsawon sili? Fata sumul, ba inda ƙuda zai ɓuya. Jinin gidanmu ke nan, ko ina kabari na san shi."

Ya shafa mata alli a goshi. Glenys ta kai sanda. Uban ba shi da ko suna, lamba ce kawai, ragon wasu matasa ne daga yankin Riverina, irin waɗanda Athol ke kira masu kiwo da madannin kwamfuta.

Haka aka wuni. Tumaki ɗari da ashirin suka bi ta hannunsa, ya shafa wa ashirin alli. Glenys na tsaye da sandarta tana jin kowace ƙara har cikin haƙoranta. Tara ne 'ya'yan Gwamna a garken, kuma ba wadda ta tsira daga bakinsa. Cikin ashirin ɗin da ya zaɓa babu ta Gwamna ko ɗaya.

Da aka gama, ya jingina da katako yana haki, yana murmushi.

"To, kin gani, 'yar nan? Ajiye sirrinki, ni na gama karanta nawa. Noelene, ran Asabar Gwamna da 'ya'yansa raguna goma sha biyu za su shiga cikin tumaki. Duka."

"Duka ɗari takwas ɗin, Baba? Sauran ragunan fa?"

"Sauran su yi ta cin ciyawa. Na ga abin da nake son gani. Wannan ne gadon da zan bar miki."

Asabar ta farko a watan Afrilu, ita ce ranar sakin raguna a gidan Kerslake tun zamanin kakansa, ko ana ruwa ko ana fari. Kuma tun zamanin kakan ba a taɓa shigo da jinin waje garken ba. To a nan matsalar take. Mutumin da ya san tumakin kowa, a gidansa ba shi da abin gwada nasa sai nasa. Ana wanke su da magani, ana yi musu gata, ana kai Gwamna baje koli an taje shi an gyara shi. Sai da aka zuba 'ya'yansa cikin na wasu, ba gata ba lallashi, sannan aka ga tsiraicinsu. Glenys ta san abin da zai biyo baya in aka bi maganarsa. Kuskuren shekara ɗaya a sakin rago, shekara biyar ana fama da shi a garke, kuma Noelene ce za ta yi faman, ita da ta ajiye aikin koyarwa a birnin Newcastle ta dawo don kada sunan gidan ya mutu.

Ran Talata ruwa ya sauko, bai ɗauke ba. Glenys ta buga wa shugaban kwamitin gwajin waya, ta ce mutum na bakin mutuwa, a ba ta izini ta faɗa masa nasa kawai.

"Haba Glenys," ya ce. "Duk muna son Athol. Amma in kin faɗa wa ɗaya, sha huɗu za su ji. Lokacin cinikin raguna ne fa. Za a ce maƙwabcinki ya riga kowa sani. Wa zai sake ba ki amanar ragonsa? Ki yi haƙuri, sati uku ne."

"Ba shi da sati uku."

"Na sani. Allah ya ba shi sauƙi."

Ta ajiye wayar ta zage shi a ranta, alhali ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ran Laraba rafi ya cika ya shanye gada. Hanyar gari ta yanke, ma'aikaciyar jinya ta koma ba da umarni ta waya. Gidaje biyu ne kaɗai suka rage a wannan ƙetaren, nata da na Kerslake. Ta hau tarakta ta bi ta tudu, da tukunyar miyar naman tunkiya a ɗaure a gefenta. Ta tarar da Noelene a kicin tana wanke kwanuka, idanunta sun faɗa.

"Noelene, in da ni ce ke, da ban saki Gwamna a kan duka ba. Ki raba, kamar kullum."

Noelene ta kashe famfo ta juyo.

"Don me?"

"Shawara ce kawai."

"Glenys, tun muna firamare ba ki iya ƙarya ba. Kunnuwanki sun yi ja. Akwai abin da kika gani?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"To ni ma ba zan iya ba. Mutum na kwance a ɗaki yana numfashi da ƙyar, ya ba ni umarni ɗaya tak, kina so in ce masa to, in zagaya in yi wani abu? Ya ce a ja gadonsa bakin taga ran Asabar don ya ji fitarsu. Ya san kukan kowane rago a gidan nan. In kina da magana, ga ɗakinsa can. Ki faɗa masa da bakinki."

Glenys ta dubi ƙofar. Daga ciki ana jin injin iska yana huci, da muryar rediyo ana karanta farashin ulu. Ta ajiye tukunyar a kan murhu ta fita.

Kwana biyu tana juya abin. In ta yi shiru, ta cika alkawari, tsoho ya tafi da murmushinsa, Noelene ta gaji garken da ƙuda zai mayar gidansa. In ta yi magana, ta ci amanar mutum goma sha huɗu, ta kuma ɗauki abu ɗaya da ya rage wa mai mutuwa ta fasa a gabansa. Ta yi fatan ruwa ya hana sakin ragunan. Ta yi fatan hankalinsa ya gushe kafin Asabar. Sau ɗaya, tana cikin yanke wa wata 'yar Gwamna gashin da tsutsa ta ɓata a gindi, wari ya cika mata hanci, ta kama kanta tana fatan ya mutu ran Juma'a. Ta zauna a ƙasa cikin taɓo ta yi kuka, karenta na tsaye yana kallonta.

Ran Juma'a da rana ta koma. An riga an ja gadon bakin taga. Athol ya ƙara ƙanƙancewa, sai hannuwan nan manya a kan bargo, har yanzu da shuɗin alli a ƙarƙashin farce, don ya hana a wanke.

"Wa ke nan? Takun 'yar Harcombe nake ji, kamar doki ya shigo ɗaki. Me kika kawo mini? In miya ce, ta shekaranjiya ma kare ne ya sha."

"Ban kawo komai ba, Kawu."

"To zauna. Gobe ki zo da wuri, ke za ki tsaya a ƙofar tudu. Noelene ba ta iya ƙirga tumaki ba, malamar makaranta ce."

Ta zauna a kujerar gefen gado. Ta dubi hannayenta.

"Kawu Athol, ashirin ɗin nan da ka shafa wa alli."

"'Ya'yan Gwamna."

"Babu ko ɗaya."

Injin iska ya yi huci sau uku, sau huɗu. Ruwa na sauka daga indararo cikin tanki.

"Ƙarya kike."

"Da ma ƙaryar ce."

"Nasa nawa ne a garken?"

"Tara."

"Na taɓa su?"

"Duka."

"Me na ce?"

Ta kau da kai. Ya ɗaga kai daga matashi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Na ce me na ce!"

"Ka ce mai uban ya koma kiwon kaji."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ta kasa gane dariya ce ko tari, daga baya ya zama tari sosai. Ta miƙa masa ruwa, ya ture kofin. Ya daɗe kafin numfashi ya dawo.

"Na nawa ya zo?"

"Na sha huɗu, cikin sha biyar. Ulun da nauyi, amma rabinsa maiƙo ne. Ga ninkin fata. Daminar bana, ɗaya cikin uku na 'ya'yansa sai da ƙuda ya kama su."

"Waye na ƙarshe?"

"Wannan kam ba zan faɗa ba."

"Ji 'yar banza. Yanzu kika tuna da alkawari."

"Kawu, cikin ashirin ɗin da ka zaɓa, sha bakwai suna sahun gaba a awo. Abin da kwamfuta ta yi shekara biyu tana nema, kai ka gano shi a wuni ɗaya, ido a rufe. Hannunka bai yi kuskure ba."

"Kada ki lallashe ni, ni ba jariri ba ne." Ya juya fuskarsa wajen taga, inda ba ya ganin komai sai haske. "Kakana ya ba ubana, ubana ya ba ni. Shekara ɗari. Ni da kaina na kai shi gwajin nan, na ce bari in nuna wa yaran nan rago. Kwana nawa ya rage mini, Glenys? Biyu? Uku? Da kin bari na tafi."

"Da na bari, Noelene ce za ta zauna da su tana yanke tsutsa."

"Ni na koya miki buɗe ulu."

"Kai ne."

"Fita."

"Kawu..."

"Na ce fita mini daga ɗaki."

Ta tashi. Ta fito. A baranda ta tarar da Noelene tsaye da tawul a hannu, ta ji komai.

"Cewa na yi ki faɗa masa," in ji Noelene a hankali. "Ban ce ki kashe shi ba."

Glenys ta sauka daga baranda. Ta hau taraktarta, ta yi tafiyar tudun nan duka ba ta san ruwa na dukanta ba. Da ta isa gida ta rubuta wa shugaban kwamiti saƙo, layi biyu, cewa ta faɗa, su yi abin da suka ga dama.

Asabar ta waye da rana, ta farko cikin kwana biyar. Ba wanda ya kira ta, amma ƙarfe takwas tana tsaye a ƙofar tudu, inda take tsayawa kowace shekara tun tana yarinya. Tumaki ɗari takwas na warwatse a gangare suna kiwo. Ba haushin kare, ba ƙarar babur daga gidan Kerslake. Tara ta yi. Tara da rabi. Sai ta hango Noelene na tahowa a ƙasa, cikin tsohuwar rigar ruwan ubanta da ta yi mata yawa.

"Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci ya cika," in ji Noelene tun kafin ta ƙaraso. "Ina dafa masa shayin da ba zai sha ba. Da na koma, shi ke nan."

Glenys ta kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu.

"Allah sarki. Ya sha wahala?"

"A'a. Motar ɗaukar gawa ba za ta iya ƙetarowa ba sai ruwa ya janye, ƙila gobe. Yana nan a ɗakinsa."

"Ya yi magana?"

"Bai sake ambatar sunanki ba, in shi kike tambaya."

Shi take tambaya. Ta gyaɗa kai.

"Bayan tafiyarki sai da rana ta kusa faɗuwa," in ji Noelene. "Sannan ya kira ni. Ya ce a saki sauran ragunan, kowane da rabonsa. 'Ya'yan Gwamna sha biyun nan a fidiye su. Ya ce baɗi in je Riverina da kaina, wajen matasan nan masu kwamfuta, wai ba sai an faɗa masa su ne a gaba ba, in sa hannu a jikin rago kafin in saya, kada in yarda da takarda kaɗai. Yana faɗa yana zaginsu."

"Gwamnan fa?"

"Na tambaye shi. Ya ce kada a sake shi. Can kuma ya ce kada a sayar da shi, kada a yanka." Ta goge hanci da hannun rigar. "Ban yafe miki ba tukuna, Glenys. Amma ni kaɗai ba zan iya raba tumaki ɗari takwas ba. Kira karenki."

Suka yi aikin har rana ta take, suna ta ba karnuka umarni. Suka raba tumakin gida shida, suka buɗe wa raguna ƙofa, kowane ya fita da gudu, kai a sama. Da suka gama, Noelene ta shiga gida ta zauna wajen ubanta. Glenys ta tsaya a tsakar gida ba ta san ko ta bi ta ciki ko ta tafi ba. Ta ɗauki damin ciyawa daga rumfa ta zagaya baya.

Gwamna na cikin ɗan shingensa a ƙarƙashin tagar ɗakin, an sauke labule. Ƙato ne, ƙahonninsa sun murɗe sau biyu, fatar wuyansa ta zubo ninki uku har ƙirji. Ta zuba masa ciyawar a kwami. Ko kallonta bai yi ba. Ya bi wayar shingen har kusurwa, ya ɗaga hanci wajen tudu inda iska ke kawo ƙanshin tumaki, ya juyo, ya bi waya har ɗaya kusurwar, ya sake ɗaga hanci.